Birkin Jirgin Doya

Daga Salaga har Bawku babu layin dogo ko taku ɗaya, kowa ya san haka. Amma ni na tuƙa jirgin ƙasa a wannan hanyar wata biyu cur, ina kwance a ɗakina a Yendi, ƙafata ta dama ɗaure cikin karare da tsumma kamar ƙunshin busasshen kifi. Na kifar da taragai sun fi gashin kaina yawa, ina nufin lokacin da nake da gashin. Doyar da na watsar a daji za ta ciyar da Togo shekara guda har a yi kyauta da saura. Kuma ko ɗan sanda ɗaya bai leƙo ƙofata ba.

Ni direban babbar mota ne a wancan lokacin. Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗauko doya daga Salaga, in ratso Yendi in leƙa gida in ci tuwo, in sauke a Bawku, in juyo da albasa. Motar ta wani Alhaji ce mutumin Bawku, mai magana ɗaya da tafiya a hankali. Ya riƙe ni kamar ƙaninsa, ni kuma na riƙe motarsa kamar matata ta biyu, abin da matata ta gaskiya ba ta taɓa yafe wa motar ba.

Wata Talata da hantsi motar ta ƙwace mini a gangaren Nakpanduri, inda hanya ke saukowa daga kan dutse tana murɗewa. Ni kaɗai ne a ciki, babu shaida sai Allah sai doya. Ta kwanta a kwanar ƙarshe, ƙafata ta karye gida biyu. Mutanen da suka zaro ni suka tambaya me ya faru, na ce birki ne ya ƙi. Ban shirya maganar ba, da kanta ta fito, ina kwance a bakin hanya da ƙasa a bakina.

Ga abin da ban faɗa ba. Duk direban da ya daɗe a hanya ya san wata ɗabi'a, ko da zai rantse bai santa ba: idan ka kai kan tudu sai ka zare giya, ka bar mota ta gangara da nauyinta, inji yana gyangyaɗi, mai yana zaune a tanki. Firi muke ce mata. To birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma inji ne ke cika tankin iskar. Injin da ke gyangyaɗi ba ya cika shi da sauri. Ranar nan na sake ta firi, ina taka birki ina saki, ina taka ina saki, har da 'yar waƙa a bakina. A taku na shida ko na bakwai na ji wani ɗan huci kamar tsohuwa ta yi tsaki, shi ke nan iska ta ƙare. Na kai hannu in mayar da giya, giya ta ce ba ta san ni ba.

Alhaji ya yarda da maganata. Ya sallami makanikensa, wani dattijo da ya yi masa aiki tun motarsa ta fari, wanda ya duba birkin kwana uku kafin tafiyar. Ni kuma ya aiko mini cewa motar tana wurin gyara, sitiyari yana jirana, in dai na miƙe kafin sabuwar doya ta fito. Wato aikina yana nan daram muddin na riƙe bakina.

Mai ɗorin da aka kira wani dattijo ne Badagombe. Shi ba ya taɓa ƙafar mutum sai ya fara da ta kaza. Ya karya ƙafar wata farar kaza a gabana, ya ɗaure tata ya ɗaure tawa, ya ce ranar da ta taka ni ma na kusa. Ya kuma kafa doka: ba tashi, ba juyi, ba lanƙwasa gwiwa. Aka ajiye ni a katifa a ƙasa, aka ajiye kazar a kwando a bakin ƙofa, muna kallon juna kamar fursunoni biyu da aka kama da laifi ɗaya.

Mutumin da ya saba karyawa a gari ɗaya ya yi azahar a wani, yau duniyarsa ta koma bango huɗu da taga ɗaya. Na haddace kwanon rufin nan: ƙusa nawa, tsatsa ina, wace ɓaraka ce rana ke leƙowa ta cikinta da ƙarfe goma sha ɗaya. Ta taga ina jin manyan motoci suna wucewa hanyar Gushegu, ina gane kowace da kukan injinta, ina gane har direban da ke cutar da kulocinsa. Idan ƙafar ta fara ƙaiƙayi a ƙarƙashin karare, sai in ji kamar tururuwar duniya ce ta zo taron shekara. Masu dubiya suna zuwa, ni kuma ina ba su labari. Kowane zuwa gangaren yana ƙara tsawo. Makon farko motar sau ɗaya ta juya; kafin wata ya cika ta juya sau bakwai, ta tsallake bishiyar kuka, wata doya ta faɗa har cikin kasuwar Garu. Suna dariya, ina dariya. Idan suka fita sai ɗakin ya matso.

Mijin yayata ne ya kawo mini jirgin. Mutumin Salaga ne, ya yi aikin jirgin ƙasa a kudu har ya yi ritaya ya dawo gida da hawan jini da wata tsohuwar kwamfuta. Tun ina saurayi muke tsokanar juna, ni in ce masa Masta, shi ya ce mini Direba. Ya ɗora kwamfutar a kan faranti, ya ɗora farantin a cikina.

"Ga shi, Direba. Tunda ka gama da motocin mutane, zo ka gwada wanda ba ya mutuwa."

Wasa ne na tuƙin jirgi, amma ba irin na yara ba. Kana zaune a kan jirgi, ga ma'aunin gudu, ga ma'aunin iska, ga hannun wuta, ga hannun birki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hanyar. Masta ya zauna da zaman ritayarsa ya shimfiɗa layin da gwamnati ba ta taɓa shimfiɗawa ba: Salaga, Bimbila, Yendi, Gushegu, har Bawku, da taragai ashirin cike da doya. Bai manta da dutsen Nakpanduri ba. Ya nuna mini maɓallai, ya sha kokonsa, ya ce zai dawo bayan 'yan makonni.

Abu na farko da na koya, jirgi ba shi da sitiyari. Kwana biyu hannuna yana neman abin murzawa. Na biyu, birkinsa ba ya jin magana nan take. Ka ja hannu, sai saƙon ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya kamar sanarwar rasuwa a unguwa, kafin na ƙarshe ya ji, ka wuce tashar Yendi kana gaida mutanen ƙauye na gaba. Amma na saba. Cikin mako guda ina tsayawa a Yendi tsaf, har ina danna ƙaho matata ta leƙo.

"Maigida, wai wannan kukan saniyar na mene ne?"

"Jirgi ya iso, Hajiya. A kawo wa direba fura."

"Direban katifa. Bari in gama wanki."

Dutsen ne ya gagare ni. Duk lokacin da na kai kansa, hannuna da kansa yake kashe wuta, ya bar jirgi ya gangara, sannan ya fara ja da saki, ja da saki. Allurar iska tana sauka ina kallonta. Sai gudu ya ƙaru, sai kwana ta taho, sai allo ya karkace, taragai su hau kan juna. Karon farko na yi dariya. Karo na biyar na lura rigata ta jiƙe, kuma ƙafar da aka hana ni motsawa tana ta neman abin takawa a cikin karare.

A nan ne na gano shafin saiti. Wani ɗan lungu ne a cikin wasan, cike da lambobi, inda ake gaya wa jirgi yadda duniya take. Nauyin kowane tarago. Ƙarfin birki. Yawan lokacin da tankin iska ke ɗauka kafin ya cika. Yadda ƙafar ƙarfe ke kama dogo, a bushe ko a jiƙe. Har da yadda iskar waje ke tura jirgi baya. Na ce a raina, ashe haka abin yake, ashe akwai ofishin da ake kai ƙarar dutse.

Na fara da birki, na ɗaga shi har ƙarshe. Na taɓa hannu kaɗan, kan jirgi ya tsaya cak kamar jakin da ya ga rami, taragai ashirin suka taho suka gaishe shi ta baya, ƙugiyoyi suka tsinke. Na rage. Na koma kan nauyi, na mayar da kowane tarago kamar an cika shi da audugar rimi. A kwanar farko jirgin ya tashi sama, ina jin da na bar shi da ya sauka a Pusiga. Na ƙara kamun dogo har ƙafafun suka manne kamar an zuba musu ƙaro. Na rage shi don in ga abin da zai faru, suka yi ta juyawa a wuri ɗaya a tashar Salaga, ko motsi babu. Na samo wani tsohon littafin makaranta ina rubuta kowane gwaji, abin da ban taɓa yi wa motar Alhaji ba. Matata ta ce da na yi karatu haka tun farko da yanzu ni ne likitan da ke duba ƙafar.

A ƙarshe na gane ba birki ba ne, ba nauyi ba ne. Lambar iska ce. Na mayar da ita yadda tanki ke cika kafin ka ƙifta ido, na ɗan rage nauyi, na ɗan ƙara kamu. Na hau dutsen, na kashe wuta, na ja na saki, na ja na saki, sau goma, sau ashirin, allura ko gezau. Jirgi ya sauko lafiya lau, ya shiga Bawku kamar amarya. Na yi kabbara har kazar ta firgita. Ranar na sauko dutsen nan sau tara. Ba wasan nake so ba, yanzu na sani. Ina son in ga an yi daidai abin da na yi ranar Talatar, kuma an sauka lafiya.

Cikin makon ne kazar ta fito daga kwando ta taka, tana ɗingishi tana kallona a kaikaice. Mai ɗori ya zo ya matsa ƙafata ya ce saura kaɗan. A makon ne kuma wata ƙawar matata mai kawo albasa daga Bawku ta shigo dubiya, ta ajiye mini ƙullin man kaɗe.

"Tsohon makaniken nan ne ya ce a kawo maka, a riƙa shafa wa ƙafar. Yana gaishe ka da jiki."

Na tambaya yaya yake.

"Yana nan dai. Ka san gari, an ce hannunsa ne ya kashe birkin. Ba mai kai masa mota yanzu. Keke yake gyarawa a gindin bishiya."

Da ta tafi na jawo kwamfuta na sauko dutsen sau uku, duka lafiya, amma daɗin ya tafi.

Masta ya dawo wata Asabar da safe. Na ce ya zauna ya ga yadda ƙwararru ke yi. Na ɗauko jirgi daga Gushegu, na sauko dutsen, na tsaya a Bawku, na juyo ina jiran tafi. Ya karɓi kwamfutar, ya gyara tabarau, ya shiga shafin saiti. Ya daɗe yana kallo.

"Ei, Direba! Wannan tankin iskar a ina ka sayo shi? Aljanu ne ke hura shi?"

"Gyara na yi, Masta. Naka saitin na tsofaffi ne."

"Taragon doya kuma ya koma nauyin kwandon tumatir. Wannan ba jirgi ba ne, amalanke ce da ƙaho." Yana dariya yana mayar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, daga kansa, ko takarda bai duba ba. "Waɗannan ba ni na ƙirƙiro su ba. Haka ƙarfe yake, haka iska take. To bisimilla, sauko mu gani."

Na so in ce ƙafa tana ciwo. Amma ya riga ya ɗora farantin a cikina. Na kai kan dutse. Na rantse na yi niyyar yin abin kirki, amma hannu ya riga ni: ya kashe wuta, ya ja, ya saki, ya ja, ya saki. Allura ta sauka. Taragai suka kwanta.

Masta bai yi dariya ba. Ba allon yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ya tashi ya tura ƙyauren ɗakin, ya dawo ya zauna a bakin katifa.

"Haka ka yi a Nakpanduri?"

Na ce, "Masta, jirgi daban, mota daban."

"Iska ɗaya ce. Na tambaye ka, haka ka yi?"

A rayuwata ban taɓa rasa amsa ba. Na taɓa surutu har ɗan sanda ya gaji ya ba ni ruwa ya ce in tafi. Amma ranar na dubi ƙofa a rufe, na dubi taga, na dubi ƙafar da ba ta iya kai ni ko zaure. Masta ya gane.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya jawo kwamfutar, ya mayar da jirgi bayan dutsen. Tun kafin ya kai kan dutsen ya rage gudu har na ji kamar in sauka in tura. Ya bar inji yana riƙe da jirgin, ya ja birki sau ɗaya, kaɗan, ya bar shi a nan. Bai saki ba sai da hanya ta miƙe, sannan ya jira allura ta koma wurinta kafin ya sake taɓawa. Saukar ta ɗauki lokacin da za a dafa wake. Babu abin burgewa a ciki ko kaɗan. Ya tsaya a Bawku, ya rufe murfin.

"Ni ba zan gaya wa kowa ba," in ji shi. "Ba bakina ba ne. Amma kada ka sake taɓa mini lambobi."

Ban taɓa ba. Sau biyu na buɗe shafin na rufe. Na koyi sauka irin tasa, ina iyawa, amma duk saukar da na yi lafiya sai ta zama kamar wani ne ya sake faɗa mini abin da ya kamata in yi ranar. Kafin nan ina ganin karare ne suka tsare ni. Aka kwance su, na fara takawa da sanda zuwa zaure, na ga babu abin da ya sake ni.

Alhaji ya zo da kansa wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali. Sannan ya zaro makullin motar daga aljihu ya ajiye tsakaninmu.

"An gama ta. An sa mata sabon birki gaba da baya, wurin wani makanike daban. Litinin za ka iya?"

Na dubi makullin. Har igiyar fatar da na ɗaura masa da hannuna tana nan. Na fara da wasa, don ban san wata hanyar ba. Na ce, "Alhaji, ka yi asarar birki mai kyau, don tsohon ba shi da laifi." Bai yi murmushi ba. Sai na faɗa masa a miƙe: firi, ja da saki, iska, giyar da ta ƙi shiga. Ban ƙara wa gangaren ko taku ɗaya ba. Wannan ne labari mafi gajarta da na taɓa bayarwa.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki makullin ya mayar aljihu.

"Da ka faɗa mini tun farko, da faɗa zan yi maka in bar ka da motarka," ya ce. "Wata uku dattijon nan yana gyaran keke." Ya miƙe ya sa takalmi. "Idan ƙafar ta yi ƙwari ka zo Bawku. Ba wurina ba."

Wani aka ba motar. Ni yanzu a tashar Yendi nake, ina tsara lodi ina yi wa direbobi surutu, kuma in na ji wani yana yabon firi sai in kira shi gefe. Amma Bawku na je, bayan mako biyu, a kujerar baya ta motar haya, sandata tsakanin gwiwoyi. Da muka zo dutsen na rufe ido ina sauraron inji. Direban a giya ya sauko, Allah ya yi masa albarka.

Na sami dattijon a tsohon garejinsa, Alhaji ya mayar masa da aiki. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na durƙusa da ƙyar na yi sallama, na ce, "Baba, ni ne." Na faɗi abin da ya kawo ni, duka, ina yi wa tafin ƙafarsa bayani. Ƙarar ƙarfe ta tsaya.

"Na sani," in ji shi daga ƙasan motar. "Ni na je da masu janyo motarka. Birki lafiya, tanki wayam, giya a firi."

"To Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Kana kwance da ƙafa a karye gida biyu, ga iyali. In faɗa wa wa? Na ce in ka tashi za ka faɗa da bakinka." Ƙarar ƙarfe ta ci gaba. "Ka dai daɗe."

Na ce ya yafe mini. Hannunsa ya fito daga ƙarƙashin motar, baƙi ƙirin da mai, a buɗe. Na kama shi da hannu biyu ina neman abin faɗa.

"Sakar mini hannu, malam," ya ce. "Sufana nake nema. Ga ta can bayanka, mai jan bindi."

Na miƙa masa. Na zauna a kan wata tsohuwar taya har la'asar, yana kira ina miƙawa.